Davou da Na'urar Ɗan Nijar

"Ni fa a kan dutse aka haife ni, huhuna biyu ne amma aikin huɗu suke yi," in ji Davou ranar Lahadi a harabar coci a Beltsville ta Amurka, yana shafa tumbi. "Tseren mil biyar na cocinmu na bana, a ajiye mini kofina kawai."

Ka san Davou kuwa? Injiniya ne mazaunin Woodbridge, gudun da ya sani a duniya shi ne na kama jirgin ƙasa da safe, shi ma yawanci jirgin ke yin nasara. Amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Akwai Loveth, wata nas da yake nema da aure. Mahaifiyarta, Mama Kaneng, ta zo daga Jos, ta ga yadda yake haki a kan matakala, ta ce ba za ta ba da 'yarta ga mutumin da sai an riƙa yi masa fifita ba. Shi ne gogan naka ya rantse zai kai mata kofi har gida.

Sai ya sayi na'urar gudu ta cikin ɗaki a hannun wani ɗan Nijar a Alexandria. Ranar farko da ya hau, kafin ya galabaita allon ya nuna biyar. Ya dubi agogo, ya dubi ƙafafunsa, har ya ji tsoron kansa. Abin da Sarkin Gudu bai sani ba, ɗan Nijar da kilomita ya saita abarsa, shi kuwa ya daɗe a Amurka har ya manta ana auna hanya da wani abu ban da mil. Biyar ɗinsa, da ƙyar ta wuce uku.

Abokinsa Raymond, wanda ya saba tsere, ya ba shi shawara: a zura da ƙarfi, a ɗan huta, a sake zurawa. Davou ya riƙe sashen hutun hannu bibbiyu. Da Raymond ya ce su je fili su gwada, sai ya ƙi, wai kada maƙiya su ga sirrinsa. Aka kuma ce masu tsere kan ci abinci mai nauyi a jajibirin gasa, shi sai da safiyar ranar ya zauna ya tashi da malmala biyu na sakwara da miyar agushi.

Ana busa usur ya fita kamar wanda kare ya biyo. Daidai mil uku, inda jikinsa ya saba tsayawa, ya ɗaga hannu sama yana neman masu tafi. Ba kowa sai wata mata mai raba ruwa.

"Anti, ina kofin?"

Ta miƙa masa kofin ruwa. "Sha ka ci gaba, brother, saura mil biyu."

Nan sakwara ta ce ga ta nan. Yara suka wuce shi. Fasto ya wuce shi. Matan zumunta suka wuce shi suna waƙa. Can sai ga Mama Kaneng da zani da silifa, riƙe da lema, ta same shi rungume da bishiya. Ta yi masa sannu, ta ɗan yi masa fifita da gefen mayafi, ta wuce abinta.

Motar coci mai kwashe kujeru ce ta kawo shi ƙarshe, a kwance tsakanin kulolin ruwa. Kunya ta hana shi ɗaga kai, ya sakankance Loveth ta tafi ke nan.

Mama Kaneng ta leƙa motar, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta juya a gaban dukan coci.

"Loveth, na amince, ki aure shi. Babanki ne mai gudu, har yau ba a kamo shi ba. Wannan kuwa ko ya gudu, da silifa zan dawo miki da shi."