Ranar da Na Goge Muryar Baba

Sati uku kafin abin ya faru, babu mai ilimina a gidanmu na Tambuwal. Na samo tsohuwar kwamfuta na sa mata faifan ajiya biyu, kowanne yana kwafar ɗan'uwansa, na haɗa ta da wayoyin gidan duka. Na tara 'yan'uwa a tsakar gida na yi musu lacca: idan faifai ɗaya ya mutu, ɗayan yana nan.

"Ku turo komai, ku goge na wayoyinku," na ce. Suka turo hotunan biki da na suna, har da saƙonnin muryar marigayi Baba da Yaya Rabi ta adana.

Inna ce kaɗai ta ƙi. Hoton Baba ɗaya gare ta, na takarda, yana cikin kwallarta; Malam take ce masa. "Ba ni ba ka," ta ce. "Nan shika zama." Na yi mata dariya.

Faifai ɗaya ya mutu kuwa. Ko gezau ban yi ba. Na sayo sabo daga Sakkwato, na kira kowa ya zo ya ga aiki. Sau biyu na'urar ta tambaye ni ko na tabbata, na danna da gadara. Ashe sabon, wanda babu komai cikinsa, shi na kwafe a kan tsohon da ya rage, komai ya goge.

Yaya Rabi ba ta yi faɗa ba. "Har muryar tasa?" ta ce, ta shige ɗaki.

Tun daga ranar nan, sunana ya koma Injiniya. Har yau, da na yi sallama, sai Inna ta jawo kwallar nan bayanta ta ce, "Ga Injiniya nan, ku ɓoye Malam."