Korau da Kukan Kwamfuta

A garin Tsamiyar Kogi akwai wata mata mai shagon hoto, sunanta Lantana. Gida ɗaya suke da ƙanenta Korau da matarsa Delu. Korau ya ba arba'in baya, ga ƙarfi ga ladabi, sai dai duk abin da aka ce masa, shi zai yi daidai yadda aka faɗa, ba ragi ba ƙari. Kafin mahaifiyarsu Inna Tabawa ta rasu, ta damƙa wa Lantana amanarsa. Hoton Inna kuwa guda ɗaya ne a duniya, yana cikin tsohuwar kwamfutar shagon tare da hotunan rabin garin. Kullum Lantana sai ta ce gobe za ta wanke shi, gobe kuma ba ta zuwa.

Ranar wata Talata da hantsi kwamfutar ta fara sandarewa. Lantana ta ja mawus, kibiyar da ke kan allo ta ƙi motsi. Ga shi tana da ɗaukar hoto a gidan suna. Ta ce, "Korau, zauna nan ka sa wa kibiyar nan ido. In ta motsa, ka kira ni." Da ta dawo bayan azahar, ta tarar da akuyar maƙwabta ta cinye rabin labulen da ake ɗaukar hoto a gabansa, mai zanen jirgin sama. Korau na zaune, idanunsa sun yi jawur.

"Ba ka ga akuya ba?"

"Na gan ta ta gefen ido, Yaya. Ita ce ta yi ta motsi, kibiya kam tana nan."

Wata rana Lantana ta buga wa Sadisu waya, mai gyaran kwamfuta a birni. Ya ce, "Hajiya, irin wannan ba a yi masa gaggawa. A riƙa cire abubuwa ɗaya bayan ɗaya, ana duba ko za ta daina. Abin da aka cire ta warke, shi ne mai laifin." Lantana ta maimaita wa Korau, ta shiga gida dafa abinci. Korau ya cire firinta, ya zo ya ce tana nan a sandare. Ya cire kibod, ya zo ya faɗa. Da wayoyi suka ƙare masa, sai ya fitar da benci, da kalandar bango, da guntun labulen da akuya ta rage. Can sai ga shi da gudu, yana haki.

"Yaya, ta daina! Na gano mai laifin!"

Wayar wuta ce a hannunsa. Lantana ta dube shi, ta dubi kayan shagonta jibge a bakin titi, ta koma ta ci gaba da tuƙa tuwonta.

Wata rana kuma Sadisu ya ce wataƙila zafi ne ya yi mata yawa. Lantana ta ce, "Korau, ɗauki akwatin kwamfutar ka ajiye inda ya fi ko'ina sanyi a gidan nan." Da la'asar Delu ta je jan ruwa, sai ta ƙwalla ihu. Korau ya saka akwatin cikin kwando, ya ɗaure da igiyar guga, ya zura shi cikin rijiya, yana reto kamu ɗaya tsakaninsa da ruwa. Lantana ta fito da gudu. Ta kama igiyar da kanta tana ja a hankali tana salati, hoton Inna kawai take gani. Da kwandon ya fito, ta zauna a bakin rijiyar ta daɗe ba ta tashi ba.

Korau ya taɓa akwatin, ya ce, "Ji yadda ya yi sanyi kuwa."

Wata rana Lantana ta ji kamar akwatin yana wata 'yar ƙara kafin ya sandare, amma ga masu jiran hoton fasfo a tsaye. Don ta samu Korau ya bar ta ta yi aiki, ta ce, "Kasa kunne ka riƙe ƙarar nan, kada ka manta ta." Ita ta manta da zancen tun kafin magariba. Korau kuwa, don kada ƙarar ta kuɓuce masa, ya shiga maimaita ta. Yana cin tuwo yana "ƙyas, ƙyas, ƙyas, wiii." Yana tafiya kasuwa yana yi. Delu ta kawo ƙara, ta ce, "Yaya, ni dai na auri mutum, yanzu ga ni kwance da gyare." Lantana ta ce ta yi haƙuri, ita ma gajiya ta hana ta tambayar dalili.

Wata rana aka yi rasuwa a dangi, Lantana za ta tafi gaisuwa wani gari. Ta ce, "Korau, kada kowa ya kunna kwamfutar nan sai na dawo." A cikin mota ta ga abin ya ishe ta, ta kira Sadisu. Ya ce tunda ba waya ba ce, ba zafi ba ne, to bairos ne, wato cutar kwamfuta, zai je ya wanke ta ya zuba mata sabon tsari, hotuna ba abin da zai same su. Ta ce ya je yau ɗin.

Sadisu ya zo a kan babur, ya tarar da Korau ya tokare ƙofar shago da faɗin ƙirjinsa. Ya yi lallashi, ya yi faɗa, sannan ya kira Lantana ya miƙa masa wayar.

"Korau, ni ce. Bar shi ya kunna."

"Kin dawo, Yaya?"

"Ban dawo ba, amma ni na aiko shi."

"To, sai kin dawo." Ya miƙa wa Sadisu wayarsa da hannu biyu.

Sadisu ya zube a kan benci yana fifita da hularsa. Korau ya ci gaba da aikinsa: "Ƙyas, ƙyas, ƙyas, wiii."

"Kai kuma lafiya, Malam Korau?"

"Kukan kwamfuta ne. Yaya ta ce in riƙe."

Sadisu ya daina fifita. "Sake yi in ji. Kafin ta sandare take yin haka?"

"Kullum."

Sadisu ya sake kiran Lantana. Ya ce, "Hajiya, ba bairos ba ne. Faifan da ke cikinta, inda ake ajiye komai, shi ne yake mutuwa. In ya kasa karanta abin da ke kansa sai ya yi ta wannan ƙara, ita kuma kwamfutar ta tsaya jiransa. Da na ɗora masa aikin wanki yau, ina jin da ya tafi da hotunanki gaba ɗaya."

Washegari Lantana ta dawo, Korau ya matsa daga bakin ƙofa. Sadisu ya ciro faifan, ya jona shi da tasa kwamfutar, ya tambaye ta me za a fara kwashewa. Ta nuna masa inda hoton Inna yake. Ana tsakiyar kwashe sauran, faifan ya yi ƙyas sau biyu ya yi shiru, bai sake juyawa ba. Hotunan bikin sallar bara da na wasu angwaye sun tafi. Na Inna Tabawa ya fito, Lantana ta wanke shi a ranar ta rataye a bango, sannan ta ce wa Korau ya iya sakin ƙarar.