Sukarin Tsoho a Damtsen Jika

"…lafiya lau, Tsoho. Ya gwiwar?"

"Gwiwa da sauƙi. Ina sukarina?"

Tsohon kafinta ne, yana zaune bakin kicin, shayinsa ya huce a hannu. Tun safe ya aiki jikarsa sayen sukari, ta dawo ta shige banɗaki da ledar. Sai yanzu ta fito, ta duƙunƙune cikin mayafi kamar mai zazzaɓi, ga rana tana narka mutum.

"Kai da ba haƙori, me za ka yi da sukari?"

"Ke mai haƙoran, cinyewa kika yi? Ashe ɓarauniya na aura! Na sake ki."

"Ka huta. Wa zai kwashi tsohon da gwiwarsa ke ƙara kamar ƙyauren da ya ƙera?"

"To me ya sa ƙudaje ke raka ki?"

Ta ɗaga hannu za ta kore su, mayafin ya zame. Damtsenta ya yi ja wur, ga ƙananan ƙuraje birjik, wani wurin har ya tsattsage. Kunya ta rufe ta.

"Gobe zan fara aiki a asibiti," ta ce ƙasa-ƙasa. "Rigar aikin gajeren hannu ce. Fatata kamar ta figaggiyar kaza, kowa zai gani. A waya na ga an ce a cuɗa sukari da mai. Da bai yi ba, sai na ɗauko soson tukunya."

"Na ƙarfe? Ai da kin yi magana, da na ara miki samfefa, in bi ki da fenti!"

"Yi dariya. Ni dai ba za ni aikin ba."

Dariyar ta tsaya. Ya san irin wahalar da ta sha kafin ta samu aikin nan. Ya ajiye kofin, ya dubi hagu da dama kamar mai shirin sata, ya naɗe hannun rigarsa har kafaɗa. Ga ƙuraje nan, irin nata sak.

"Tsoho! Ashe kai ka shafa mini?"

"Rage murya mana! Har na bar sana'a yaran shagona ba su taɓa ganina da singileti ba. Zufa na sha, ba kaɗan ba, a banza. Ba cuta ba ce, kuma gurza ƙara mata fushi yake. Ruwa mai ɗumi, tsumma mai laushi, sai mai tun jiki bai bushe ba."

"Mutane suna gadon gida da fili, ni ƙuraje ka ba ni."

Ya tuntsire da dariya, ya laluba aljihu ya miƙo mata ɗan gwangwanin man da yake shafawa a ɓoye.

"Na amsa laifina. Ungo. Gobe ki sa rigarki, ni zan raka ki har bakin asibitin." Ya dubi damtsensa. "Da singileti."