Giɓina a Jikin Bajon Soja

Na manta abubuwa da yawa a duniyar nan, har sunan wasu ƴan uwana sai an tuna min, amma ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka sa na wangale baki a gaban jama'a a unguwar Miskine, ana leƙa ciki kamar ana taya akuya.

Ni baduku ne, ɗan baduku. Rumfata tana bayan layin masu yadi a Kasuwar Kilomita Biyar, inda mahaifina ya zauna kafin ni. Kuma ina da wani ciwo (maiɗakina ta ce ba ciwo ba ne, girman kai ne): in aka ce wani aikin fata ba zai yiwu ba, to ba ni ba hutu sai na yi shi.

Wata safiya sai ga Mama Odet. Tsohuwa ce Kirista ƴar Miskine, cikin Hausawa ta tashi, Hausarta ta fi ta ƴaƴana, waɗanda in ka yi musu magana da Hausa sai su amsa maka da Sango, yaren ƙasar nan. Idonta ya yi rauni, sandarta ce ke nema mata hanya. Ta zauna, ta kwance bakin zane, ta fito da wani ɗan gwangwanin alawa. A ciki akwai bajo na fata, kewayayye, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. An zana masa kan ɓauna mai fikafikai, fentin duk ya tsattsage.

"Na babana ne," in ji ta. "Makanikin jiragen Faransawa ne a Yaƙin Duniya na Biyu. Wannan tambarin rundunarsu ne, a kafaɗar rigarsa yake. Da aka ƙone gidanmu lokacin rikici, shi kaɗai na fita da shi."

An sake gina mata gidan, za ta koma, jikokinta shida za su zo daga wurare daban-daban. Tana so kowa ya samu irinsa. Ta je wurin masu buga hoto a riga a cikin gari, sun ce sai dai na roba, na fata kam babu mai iyawa yanzu.

Ai da ba ta faɗi wannan kalma ta ƙarshe ba.

"Mama," na ce, "zan yi miki su yadda ke kanki ba za ki bambance ba."

"Ni dai ɗana, ka dawo min da nawa lafiya."

Na ce wannan ai ba abin faɗa ba ne.

Na ajiye duk wani aiki. Masu takalma suka yi ta zarya har suka gaji. Na zaga majema har na samu fatar akuya mai kauri daidai. Na yanka, na fere baki, na ƙirga ɗinkin asali na bi shi, har inda maɗinkin farko ya karkace ni ma na karkace. Ɓaunar farko da na zana ta fito kamar jakin da aka yi wa fikafikai. Ta biyu ma haka. Ban fasa ba sai da idonta ya yi irin hararar ta asali. Sai kuma tsufa: na jiƙa su da ruwan shayi, na murza da yashi, na lanƙwasa har fentin ya tsage, na roƙi mai tsiren bakin layi ya rataya min su a hayaƙi. Yana kallona kamar wanda ya taɓu.

Abu ɗaya ya rage. A gefen bajon, can ƙasa, akwai wasu ƴan ramuka a jere. Na gwada basilla, bai yi ba. Na gwada ƙusa da filaya, bai yi ba. Sai can na gane: cizo ne! Nan take na tsara wa kaina labari, wai an harbi baban Mama Odet a filin daga, ana cire masa harsashi, ya danne bajon da haƙori don kada ya yi ihu. Har ƙwalla na yi.

To baduku dama haƙorinsa hannu ne na uku, da shi muke jan zare, da shi muke riƙe fata. Na ɗauki bajo shida na cije su ɗaya bayan ɗaya. (Kada Allah Ya haɗa ku da ɗanɗanon fenti da shayi da hayaƙin tsire.) Maiɗakina ta shigo ta same ni da fata a baki.

"Maigida, in yunwa ce ai akwai sauran tuwo."

Ban kula ta ba. Ban kuma tuna cewa tun ranar da na faɗo daga bayan babur ba ni da haƙori ɗaya a sama ba. Na goga musu mai da toka, cizon ya lafa, ido ba ya ganin wani bambanci.

Da na tsaya nan da shi ke nan. Amma ina! Sai na kira maƙwabcin rumfata, Alhaji Ɗanjuma mai yadi, na haɗa na asali da nawa, na cakuɗa su kamar karta, na baza a tabarma.

"Alhaji, fitar min da na asali."

Ya juya, ya juya, ya ce, "Wallahi na kasa. Amma kai dai ka san shi ko?"

"Haba Alhaji, uwa ta kasa gane ɗanta?"

Na kwashe su duka na zuba a gwangwani ɗaya na rufe.

Ranar taron komawa gidan, da safe na buɗe. Ɓauna bakwai suna hararata, babu wadda ta ce ni ce. Na sansana, duk sun ɗauki warin tsire. Na kai su rana, na dawo da su inuwa. Ni da nake cin abinci da yatsuna, ko sau ɗaya ban tuna in shafa ba, ido kawai nake zarewa. Abu ɗaya tak da tsohuwar nan ta roƙe ni, shi ne na kasa. Mai hankali zai je ya faɗi gaskiya. Ni kuwa na zaɓi wanda ya fi kama da wahala, na naɗe shi daban a ƙyalle, na sa babbar riga.

Tsakar gidan cike yake, ƴaƴa da jikoki da tsofaffin maƙwabta, Musulmi da Kirista, a ƙarƙashin mangwaro. Na raba wa jikoki nasu, ana ta "singila, singila," godiya ke nan da Sango. Kaina ya kumbura, har na miƙe na ba su labarin harsashi da cizon jarumta, da Sangona mai ɗingishi. Sannan na durƙusa na miƙa wa Mama Odet na cikin ƙyalle.

Ba ta ko kai shi kusa da ido ba. Babban yatsanta ya tafi kai tsaye gefen ƙasa. Ya tsaya.

"Ɗana, wannan ba na babana ba ne."

"Shi ne mana, Mama."

"Wanda ya ciji wannan ƙato ne. Kuma ba shi da haƙori ɗaya a sama."

Na rufe baki gam. Babbar ƴarta ta fassara wa jama'a, sannan ta juyo gare ni. "Malam, ɗan yi mana murmushi."

Na yi. Tsofaffi suka taso da sanduna suna leƙawa. Dariya ta ɓarke har wata ta zame daga kan benci. Na so ƙasa ta tsage.

Mama Odet kaɗai ba ta dariya. Ta miƙo min hannu. "Ina nawa?"

Nan dariyar ta mutu. Tsoron da na ji a lokacin ya fi kunyar nesa ba kusa ba. Na bi jikoki ɗaya ɗaya ina karɓowa, ina sa mata a hannu. Ta shafa, ta ajiye. Ta shafa, ta ajiye. Na kusa da ƙarshe ne yatsanta ya zauna a kai bai tashi ba.

"Ba wanda ya harbi babana," ta ce. "Haƙorana ne. Ina tsirar haƙori, in ya ɗauke ni a kafaɗa sai in kama nan in yi ta ci. Mamana ta ce ya cire a sa sabo, ya ce duk lambar da ya samo a yaƙi ba ta kai wannan ba."

Ta danna shi a ƙirji. Babu haƙori ko ɗaya a bakinta yanzu, sai waɗancan ƴan ramuka.

Na ce zan sake musu shida sababbi, marasa cizo. Jikokin suka ƙi, wai wannan ya fi daɗin labari. Don haka yau a wasu garuruwa da ban taɓa zuwa ba, akwai giɓina a rataye a bango, ana nuna wa baƙi.

Yanzu duk tsohon abin da aka kawo min, jan zare nake fara ɗaura masa kafin in taɓa wuƙa. In kuma na ga cizo a jiki, sai na tambayi na wane ne kafin in kai bakina.