Gashin da Na Tono a Bakin Gonata

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je ƙofar Mai gari da gatari a kafaɗa, hujja a buhu ba. Ni ba mai yawan magana ba ne. Ranar kaɗai na taɓa yin dogon jawabi, kuma da ma ban yi ba.

Ina yaro ruwan madatsar Tiga ya cinye garinmu. A gabana mahaifina ya tsaya yana kallon gonarsa ta koma gidan kifi. Aka kwaso mu zuwa wajen garin Ƙofa. Tun daga nan, wanda ya taɓa min ƙasa ya taɓa min ido. Boko ban yi ba. Wayata ƙarama ce: in ta yi ƙara in ɗauka, in rubutu ya shigo in ƙyale shi.

Bara da rani na faɗi a babur, ƙafa ta karye. Na yi wata biyu a Tudun Wada wajen mai ɗori. Da na dawo, sai na tarar albasata ta bakin titi ta bushe a layi guda, miƙe kamar an ja igiya, ga alamar an taɓa ƙasar wurin. Layin kuwa daga gonar maƙwabcina Malam Sule ya fito. Shekara talatin muna tare, sau ɗaya muka taɓa sa-in-sa a kan iyaka. Shi ya manta. Ni ban manta ba.

Na haƙa. Can ƙasa na ci karo da wata baƙar aba kamar tiyo. Na sa mata gatari. Ruwa bai fito ba, wuta ba ta ja ni ba. (A nan mai hankali zai tsaya ya yi tambaya.) Na fere ta da wuƙa, sai ga wasu zarurruka sirara kamar gashi, kowanne da launinsa. Na ce shi ke nan, asiri aka binne min. Na datso kamu biyu na jefa a buhu.

Washegari da hantsi na tarar da ƙofar Mai gari cike da mutane, kowa na ɗaga waya sama yana tsaki. Ban tambayi dalili ba. Na ɗauka Allah ne ya tara min shaidu. Na gaishe da Mai gari, na nemi a kira Malam Sule. Da ya zo, na zazzage buhun. Na ce na yi haƙuri da ruwan Tiga, amma ba zan yi haƙuri da mutum ba. Na ce gonata yake so, shi ya sa ya bi bayana ina kwance. Har karayar ƙafata na ɗora masa.

Malama Hajara, ma'aikaciyar ɗakin shan maganinmu, ta ɗauki abin ta juya shi.

"Baba, a ina ka tono wannan?"

Na gaya mata, da alfahari.

Ta ce wa Mai gari ai ga abin da ake nema tun jiya. Wayar intanet ce da aka binne ta bakin titi lokacin da ba na nan. Ta cikinta likita yake duba marasa lafiya daga Kano duk Talata, suna zaune a garinsu, yana ganin su suna ganin sa. Ranar Talata ce. Kuma ta farko a layi ita ce Iya Abu, matar Malam Sule, da hawan jini ya kayar.

Wani daga baya ya ce, "Asirin nan da ƙarfi yake, gari guda ya kama." Wasu suka yi dariya. Mai gari bai yi ba. Ya ce ai an tura wa duk mai gona a bakin titi saƙo kafin a binne wayar. Malama Hajara ta karɓi wayata ta latsa. Saƙon na nan, ko buɗe shi ba a yi ba. Ta karanta a gaban jama'a, har da sunana da na mahaifina.

Na so Malam Sule ya zage ni. Da ya fi min sauƙi.

"Ɗan'uwa, da ka tambaye ni," ya ce. "Ai ni na riƙa ba albasar ruwa."

Ya nemi izinin Mai gari, zai kai iyalinsa Kano. Na bi shi bakin titi ina ɗingishi. Na ce zan raka su. Da bas ta tsaya, sai ya matsa min wuri. Iya Abu ta galabaita a hanya, amma Allah ya tashi kafaɗunta.

Kwana huɗu aka yi kafin a haɗa wayar. Malama Hajara ta tsaya kai da fata, ta ce wa masu aikin, mutane irina suna da yawa, rubutu ba ya isa gare mu. Yanzu in akwai sanarwa, da murya take zuwa, da Hausa. Samarin gari kuwa Injiniya suke kira na. Ina amsawa, ni na jawo.

Su sun koyi yi wa mutum magana yadda zai ji. Ni kuma na koyi cewa tambaya ta fi gatari sauƙin ɗauka. Gatarin na bar shi a gidan Malam Sule. In ina buƙata, sai na fara gaya masa abin da zan sara.