Furar Sallama a Jirgin Anasara

Ba zan taɓa mantawa da tabaran mutumin nan ba, ko da tsufa zai kwashe mini sunayen 'ya'yana. Shi na fara gani kafin in ga mai shi. Wani ɗan ƙaramin jirgi ne ya sauka a filin jirgin Tawa, ƙofa ta buɗe, sai ga baƙin tabarau yana walƙiya, a bayansa wani dogon anasara da farar riga mai zanen zinariya a kafaɗa. Ya tsaya, ya dubi gabas, ya kunna taba. Ni kuwa ina gefe da buhun jar dawa a ka, na ji zuciyata ta ce: "Wancan kai ne, an dai yi kuskuren gida wajen haihuwa."

Shekarar yunwa ce, soja ba su daɗe da karɓar mulki ba. Shanu sun ƙare, mutanen arewa sun cika bakin gari da tantuna, jirage na kawo hatsin taimako ana rabawa. Ni na gama lakkol, wato makarantar boko, ba aiki, sai na samu shiga wurin hatsin nan, rabi tafinta rabi ɗan dako (a gida tafintan kawai nake faɗa). Sauran lokacina kuwa na ba littattafan soyayya masu hotuna, waɗanda 'yan cin rani ke kawowa daga Abijan ana sayarwa kusa da masu goro. Na karanta su har bangonsu ya yi laushi kamar tsumma. Abu guda na lura da shi a cikinsu: duk yarinyar da ta isa yarinya, a shafin ƙarshe matuƙin jirgi take bi. Akawu sai dai ya tsaya bakin taga yana kallo.

To, ni ma ina da yarinyar da ta isa yarinya. Sunanta Zainabu, ɗiyar wani maɗinki a unguwarmu. Idan ta yi dariya sai in ji kamar an yi ruwan fari. Ina da abokin takara, Illa, wani direban kamyo, babbar motar kaya, ɗan Kalfu mai ƙaton wuya, wanda bai san ko baiti ɗaya na soyayya ba, amma duk dawowa daga Agadas sai ya sauke gishiri da dabino a ƙofar gidansu. Uban Zainabu ya aiko mini da magana a fili: shi ba ya ba da ɗiya ga mai karatun hotuna, in nuna masa sana'a kafin ruwa ya sauka, in ba haka ba Illa na nan.

Direban mota ne ke gabana? Sai na zama direban abin da ke bi ta kan mota.

Na tattara adireshin kamfanonin jirage na ƙasashen waje daga bayan mujallu, na shiga rubuta musu neman aiki. Inda ya kamata in faɗi tsawon lokacin da na yi ina tuƙi, na rubuta musu cewa raina ya daɗe yana shawagi tun ina goye. Na ce a shirye nake in zauna kowace ƙasa, ko mai ƙanƙara ce. Ba wanda ya amsa. Na ɗora laifin a kan gidan waya, na ci gaba da shiri, don na ga ba daidai ba ne kira ya zo ya tarar ban saba da zaman Turai ba.

Na sayi wani ƙaton kwat na ulu a gwanjo, ina sa shi da tsakar bazara. Na koma cin tuwo da cokali mai yatsu, miyar kuka na bi ta tsakanin yatsun tana komawa akushi. Na roƙi wani abokina da ke aiki a ofishin kiwo ya riƙa rufe ni a ɗakin sanyi inda ake ajiyar allurar dabbobi, don jikina ya san hunturu (ni kaɗai na yi mura a Tawa cikin watan nan). Na kuma karanta cewa a can ba a doguwar gaisuwa, saboda haka da na gamu da Kawuna a hanya na ɗaga masa yatsa biyu na ce "Bonjur", na wuce. Ya kira ni.

"Kai, zo nan. Mi ka ce?"

"Gaisuwar Turai ce, Kawu. Can ba a ɓata lokaci."

"To madalla. Ko jaki in ya gamu da ɗan'uwa nai yana tsayawa shi sunsuna shi. Allah shi kai ka matsayin jaki."

Ban karaya ba. Wata rana da anasaran nan ya sauka (mutane na ce masa Jan Wuya, don rana ta gasa masa ƙeya), na tare shi a inuwar fiffike, na zuba masa faransancin littafi. Na ce ina son ya shaide ni wurin kamfaninsu. Ya cire tabaran, ya dube ni, ya dubi kwat ɗin, ya yi dariya har da tari. Ya tambaya ko na taɓa shiga jirgi. Na ce a jiki dai tukuna. Ya ce to gobe da hantsi zai kai hatsi wani sansani a arewa, yana son tafinta, in zo in zauna kusa da shi a ga ko sama za ta karɓe ni. Da yamma mu dawo.

Da yamma mu dawo, haka ya ce. Amma abin da na faɗa wa Inna shi ne an kira ni gwajin tuƙin jirgi. Abin da Inna ta faɗa wa maƙwabta shi ne an ɗauke ni. Kafin la'asar labari ya je Barmu wurin dangin babana ya dawo, ya zama gobe zan tafi Turai. Na ji, ban gyara ba. Maganar ta yi mini daɗi a kunne, kuma na san za ta shiga gidan maɗinki.

Inda na haƙa wa kaina rami ke nan. A wurinmu mai doguwar tafiya ba ya fita kamar ɓarawo. Sai ya bi gida gida ya yi sallama, a yafe juna, a sa masa albarka. Kuma duk gidan da ya shiga, ba a barin matafiyi ya fita ciki wofi, sai an dama masa fura. Ba a ƙi, ba a ragewa. Balle a shekara irin wannan, da kowa ya san ƙwaryar da aka miƙo maka abincin wani yaro ne aka janye.

Tun da sassafe Inna ta tasa ni gaba, ni da kwat ɗina. Gidan Kawu aka fara. Ya manta da zancen jaki, ya rungume ni, matarsa ta kawo furar jar dawar taimako, mai kauri kamar kwaɓin gini. Na shanye. Gidan Gwaggo, fura da tsamiya don ba nono. Na shanye. Gidan liman. Gidan ungozomar da ta yanke mini cibiya. Gidan wata tsohuwa da ban ma san dangantakarmu ba, wadda ta ce in na isa in gaishe da ɗanta da ke Kumasi, tun da hanya ce. Da na yi nufin ajiye ludayi a wani gida, Inna ta mintsine ni.

"Shanye! So kake a ce ka rena su don za ka ƙasar anasara?"

Gidan ƙarshe shi ne gidan su Zainabu. Ubanta, wanda bai taɓa amsa mini gaisuwa da baki cike ba, ya shimfiɗa mini tabarma da hannunsa. Sai ga ta ta fito da ƙwarya sabuwa, ta durƙusa. Furar gero ce ta gaske, fara sol, da nono har da mai yana yawo a kai. Allah kaɗai ya san inda suka samo. Ƙannenta sun jeru a bakin zaure suna bin ludayin da ido.

"Ni na dama da kaina," in ji ta a hankali. "Can ba ka samun irinta."

A lokacin cikina ya kai wuya, maɓallin kwat na kuka. Amma wane jarumi ne a littafi ya taɓa mayar da ƙoƙon masoyiya? Na kafa kai, ban ɗago ba sai da na ga gindin ƙwarya.

Rabin unguwa ta raka ni filin jirgi. Wani sajan na soja da ke gadin hatsi ya tsayar da su bayan igiya. Mata na kuka, Kawu ya ɗaga hannu ya fara addu'a. Na hau, na juyo na ɗaga wa Zainabu hannu yadda na gani a hoto, kaina ya bugi ƙofa.

Cikin jirgin kamar tanda. Buhuna a baya, ni da Jan Wuya a gaba, allurai masu nuna gudu da hanya da agogo iri iri a gabanmu. Ya ɗaure ni da ɗamara daidai kan cikin, ya miƙo mini wata jakar takarda mai rubutun ƙasarsu. Na yi godiya, na ninke ta da kyau na sa a aljihun ciki, na ce wannan tsarabar Zainabu ce. (Ba wanda ya taɓa shiga jirgi a zuriyarmu, wa zai gaya mini aikinta?)

Muka tashi. Gaskiya, na ɗan lokaci na ga abin da na daɗe ina mafarki. Tawa ta koma kamar an watsa tsaba a faifai. Na ga tantunan bakin gari, na ga gawar shanu farare a kan hanyar rijiya, na ga duwatsun Adar jajaye ba ko ganye. Har na fara haɗa kalmomin da zan faɗa wa Zainabu. Sai iskar zafi da ke tasowa daga duwatsun ta ɗaga jirgin ta sake shi. Ya faɗa kamar guga a rijiya. Ta sake ɗagawa, ta sake saki.

Furar gidan Kawu ce ta fara magana, ta gidan Gwaggo ta amsa. Jan Wuya ya dube ni, ya yi ihu yana nuna aljihuna. Na ɗauka tsarabar yake so a mayar, na dafe ta da hannu biyu. Na buɗe baki in ce masa lafiya lau nake.

Jama'a, unguwarmu kaf ta fito. Gida gida, yadda na shiga, sai dai daga ƙarshe aka faro. Ta rufe allurai, ta rufe taswirar da ke kan cinyarsa, ta sami farar rigar da zanen zinariyar, har tabaran bai tsira ba. Na ji zagi da faransancin da babu shi a littafi ko ɗaya. Bai iya ganin allurai ba, bai iya ganin hanya a takarda ba. Ya karkata jirgin, wannan karkatar ta fito da abin da ya rage, muka juyo.

Da muka sauka ba wanda ya watse. Kawu bai ma shafa fatiha ba. Jan Wuya ya buɗe ƙofa ya diro yana yarfe hannu, sajan ya jawo ni ta wuyan kwat ya ajiye a ƙasa kamar buhu. Kowa ya zubo mini ido. Sai muryar tsohuwar nan mai ɗa a Kumasi:

"Ikon Allah! Har ya dawo? Jirgi da sauri! Ɗan nan, ka gamu da ɗan nawa?"

Sajan bai yi dariya ba. Ya ce hatsin da ya kamata mutane su ci yau a arewa sai gobe ke nan, saboda wani shashasha. Ya sa aka ba ni bokiti da tsumma, ya ce in wanke jirgin tas, kuma ba mai tafiya sai an gama, don kowa ya ga direban da unguwarsu ta fitar. Na cire kwat na fara. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Maɗinki ya juya baya yana kallon wani abu can nesa da babu shi.

Ina durƙushe ina matse tsumma sai na ga ƙafafun Zainabu a bakin igiya. Na ɗago, ina jiran ko dariya ko hawaye, don a littafi ɗaya daga ciki ake yi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta dubi bokitin, ta dube ni.

"Da ka ce ka ƙoshi," in ji ta, "da na ba ƙannena."

Ban taɓa karanta layin da ya kai wannan kaifi ba.

Ruwan farko na sauka aka ɗaura mata aure da Illa. Ni kuma na samu aikin koyarwa a Tebaram, inda labarin ya riga ni isa, aka koma ce mini Mushe kamar kowane malamin lakkol. Abin da na koya bai da yawa: kafin mutum ya nemi aiki a sama, ya fara shawara da cikinsa, kuma tafiyar wuni ɗaya ba a yi mata sallamar shekara.

Zainabu kuwa ta zama uwar gida mai kamyo har uku a ƙofa. Bayan shekaru Illa ya biya mata Makka. Da ta dawo na bi sahun masu barka da sauka, ta ba ni dabino da zamzam kamar kowa. Na daure, na tambaya a hankali yadda ta ji jirgi.

"Lahiya lau, Mushe," in ji ta, tana gyara lulluɓi. "Na ci nawa, na ci na matar da ke kusa da ni, na yi kwana. Sai tashe ni aka yi aka ce mun iso."