Yadda Nomau Ya So Ƙona Shirwa

A Tungar Rimi akwai wani gida mai mutum uku: Inna Kulu mai kiwon kaji, 'yarta Uwani da ta gama jami'a ta dawo da kwamfuta, sai ɗanta Nomau, ƙaton saurayi wanda in ka ce masa zauna nan, to gobe ma a nan za ka same shi. Shirwa ta addabi 'yan tsakin Inna, har ta gaji ta ce, "Nomau, ka tsare min su. Ranar da suka ƙare, sai rugar kawunka kiwon shanu." Nomau kuwa ko ɗan maraƙi ya gani sai ya nemi bishiya.

Wata rana ya leƙa ya ga Uwani tana wani wasa a kwamfuta. Ana haɗa katako da igiya da fanka, a danna, su yi ta ture juna har ƙwallo ya faɗa kwando. A cikin wasan, balan-balan ɗaya tal ya ɗaga ƙaton ƙarfe sama.

"Yaya, dokar mai sauƙi ce," in ji Uwani. "Duk abin da ka ga ya yi aiki, ka maimaita shi."

Nomau ya sayo balan-balan ya ɗaura wa turmin Inna, wai ya tashi ya zama rumfa a kan tsaki. Ya tsuguna yana lallashi. "Haba turmi, ƙarfe ma ya tashi, balle kai ɗan itace!" Yana cikin magiya shirwa ta sauko ta sure ɗaya.

Wata rana kuma, a cikin wasan, ya ga an saki dutse a bakin katako, kyanwar da ke ɗaya bakin ta yi sama, ta sauko tana murmushi. Uwani ta ce, "In abu ya ɓaci, jan maɓallin nan za ka danna, komai ya koma yadda yake." Nomau ya ɗora katako a kan turmi, ya aza kyanwar maƙwabta a ƙarshensa. Da shirwa ta ɓullo, ya daka tsalle ya dira a ɗaya ƙarshen. Kyanwa ta tashi, amma ba sama ta nufa ba. Katanga ta tsallake, ta sauka a kafaɗar Mai Unguwa, kuma ko alamar murmushi babu a fuskarta. Nomau ya fito a guje, ya ga babbar riga a yage, ya ga jar dara a kan dattijo. Ya sa babban yatsa ya danna ta har ta rufe masa ido.

"Kai, ɗan banza! Me kake yi?"

"Ranka ya daɗe, ka tsaya cak, yanzu rigar za ta koma." Ya sake dannawa.

Da ƙyar Inna ta ba da haƙuri. Tsaki kuwa saura 'yan kaɗan, har ta fara ɗaure wa Nomau kayansa a buhu.

Wata rana, cikin zullumin shanu, ya ga a cikin wasan madubi ya tara hasken rana a kan igiya ta kama da wuta. Ya ce shi ke nan, ƙona 'yar banza zai yi. Ya ɗauko madubin Uwani, ya kwashe murafan tukwane da na samirun Inna kaf, ya goge su da toka, ya rataye su a igiyar shanya. Shirwa ta karkato. Iska ta kaɗa murafai, haske ya yi ta walƙiya ta ko'ina, ƙarfe na bugun ƙarfe. Ta yi turus a sama, ta juya ta nausa gabas. Washegari daga nesa ta yi shawagi, daga nan ba a ƙara ganinta ba.

Nomau ya saɓa buhunsa yana matsar hawaye. "Inna, na kasa. Ko hayaƙi ba ta yi ba."

Inna ta dubi tsakinta suna kiwo hankali kwance. "Aje buhun nan, ja'iri. Kuma kar ka kuskura ka taɓa igiyar nan."

Ya ajiye buhu, bai taɓa igiya ba, bai kuma bar kowa ya taɓa ta ba, har ita Innar. Shi ya sa a gidan Inna Kulu har yau da faifai ake rufe tukunyar miya.